Gilashi, roba ko katako: wane gida ya dace da jaririyar mesa mai dunƙulewa?

Duk wanda ya zuba kuɗinsa ya sayi jaririyar mesa mai launin ruwan ɗorawa da fari, ba don ya ɓoye ta ya saya ba. So yake ya ajiye ta inda kowa zai gani, shi ya sa ido ke fara sauka kan akwatin gilashi irin na kifin ado. Sai dai dabbar da aka saya ba ta ƙaunar a gan ta. Ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa, wadda masana ke kira Python regius, 'yar yankinmu ce: ana samunta daga Senegal har Sudan ta Kudu da Uganda, ta ratsa Ghana da Togo da Benin da Najeriya da Kamaru. Yini take yi a ramin ɓera ko cikin tsohon shuri, inda ba haske, ba iska mai kaɗawa, ga danshi, sai dare ya yi ta fito. Ba ta da dafi, kuma idan ta tsorata ba kasafai take kai sara ba, sai ta cusa kanta tsakiya ta naɗe jikinta a kai.

Sabuwar ƙyanƙyasa takan kai santimita 25 zuwa 40, nauyinta wajen giram 60 zuwa 90. Idan ta girma za ta kai santimita 90 zuwa 150, ta shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kula. Ke nan gidan farko na shekara ɗaya ne ko ɗaya da rabi, amma a cikinsa ake gane ko za ta kama cin abinci ko za ta ƙi, kuma jaririya ba ta da kitsen da za ta yi dogon yajin cin abinci da shi.

Ko wane iri aka zaɓa, abin da ake nema daga gare shi ɗaya ne. Gefe guda ya zama mai ɗumi, digiri 31 zuwa 33 a daɓen da take kwanciya. Ɗaya gefen ya tsaya tsakanin 24 da 27. Danshin iska ya kasance kashi 55 zuwa 70 cikin ɗari, ya haura zuwa 80 idan za ta yi saɓa. A sa maɓoya biyu iri ɗaya, ɗaya a kowane gefe, masu matsi har jikinta ya taɓa bangonsu. Idan ɗaya ta fi ɗaya duhu, a cikinta za ta tare ko da sanyi na cinta. Ƙaramin kasko da aka kife, aka ɓantare masa ƙofa, aka goge bakin da sanfefa, yana yin wannan aiki sarai, kuma yana riƙe sanyi da laima fiye da na roba. Sai kwanon ruwa mai nauyi da ba za ta kifar ba, da murfi mai kullewa.

Akwatin gilashi

Amfaninsa a bayyane yake. Ana ganin dabbar, yana da tsayin da za a sa reshe, ba ya riƙe wari, iska na shiga ta ragar da ke samansa. Wanda ake yawan ba jaririya shi ne mai tsawon santimita 60 zuwa 75.

Ragar nan ita ce tushen wahalar. Iska mai ɗumi sama take tashi, tana kwashe danshi tana fita da shi, ga fitilar ɗumi a kan ragar tana ƙara busar da abin da ya rage. A Kano ko Zinder ko Maiduguri, lokacin hunturu danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Akwatin da samansa ke buɗe ba zai yi nisa da wannan ba, ko da ana fesa masa ruwa safe da yamma. Fesawar ma ruɗi ce: ma'aunin danshi zai tashi na rabin awa ya sake faɗowa, a bar shimfiɗa jiƙe a sama, ita kuwa jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ita ke ruɓar da ɓawon cikin maciji. Za ka ga gefen ɓawon ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, daga baya ya yi ƙuraje.

Sakamakon bushewar a saɓa yake fitowa. Jaririya mai ci sosai takan yi saɓa duk mako huɗu zuwa shida. Launinta zai dusashe, idanu su yi shuɗi-shuɗi na 'yan kwanaki, su washe, sannan bayan wasu kwanaki ta tuɓe fatar. Idan danshi ya wadata, fatar gaba ɗaya take fita a naɗe. Idan bai wadata ba, sai ta fita gutsi-gutsi, wata ta maƙale a ido, wata ta ɗaure bakin wutsiya ta hana jini isa, har tsinin ya bushe ya faɗi. Maganinsa a sa ta cikin ƙaramar roba mai huji da tawul mai laima da ɗumin digiri 28 zuwa 30 na minti ashirin zuwa talatin, ta goga jikinta da kanta. Fatar da ta maƙale a ido ba a cire ta da farce ko hantsaki.

Matsala ta biyu tsoro ce. Bango huɗu duk a bayyane, yara na wucewa, kyanwa na leƙe, ana buɗewa ta sama yadda shaho ke sauko wa abin farauta. Jaririyar da ke jin a fili take ba za ta ci ba, domin haɗiye ɓera na ɗaukarta mintuna, kuma a wannan lokacin ba ta iya kare kanta.

Ana iya gyara gilashi. A rufe kashi uku cikin huɗu na ragar da falle na roba ko takardar alminiyom, a bar sarari kewaye da fitila. A manna kwali mai duhu a baya da gefe biyu ta waje. A zuba ɓawon kwakwa da aka sassara mai zurfin santimita 7 zuwa 10, a riƙa zuba ruwa a kusurwoyi don ƙasan ya jiƙe saman ya bushe. A cika fili da ganyen roba da rassa yadda za ta tashi daga maɓoya zuwa maɓoya ba tare da ta fito sarari ba. Duk wannan yana aiki. Amma bayan an rufe sama, an lulluɓe gefe uku, an cika ciki da ganye, kallon da aka sayi gilashin dominsa saura kaɗan.

Robar ajiya mai murfi

Ita ce irin wadda ake zuba tufafi ko kayan abinci, mai ɗan duhun jiki da maƙalai a gefen murfi. Masu kiwo da yawa a Amurka da Turai a cikin roba mai lita shida suke fara tashin jarirai. Ga mai maciji ɗaya, mai lita 15 zuwa 30 ta fi, domin tsawonta zai ba da damar raba gefen ɗumi da na sanyi. A ƙaramar roba duk daɓen kusan zafi ɗaya yake ɗauka.

Haɗa ta ba wuya. A ɗora ƙusa a wuta a huda ramuka masu faɗin milimita huɗu, kamar goma zuwa goma sha biyu a kowane dogon gefe, kusa da sama. Ta ciki ake hudawa zuwa waje, don kaifin robar da ta narke ya fita waje, kada ya yanki hancinta. A sa faifan ɗumi na lantarki a ƙarƙashin robar ta waje, ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku na gindin. Sai a jona faifan da na'urar ƙayyade zafi, a maƙala bakin wayarta mai jin zafi tsakanin faifan da gindin robar. A kunna a bari kwana biyu babu maciji, ana aunawa a kan daɓen ciki, ba a kan allon na'urar ba, har ya tsaya a 32. Idan raɓa ta taru a bango tana gangarowa, a ƙara huji. Idan danshi ya ƙi kai 55, a toshe wasu ta waje ko a matso da kwanon ruwa kusa da gefen ɗumi. Salatif ba ya shiga cikin gidan maciji ko kaɗan, domin idan ya kama fatarsa da fatar yake fita.

Na'urar ƙayyade zafin nan ba ado ba ce. Faifan da aka jona kai tsaye da soket yana iya wuce digiri 45, kuma mesa ba ta tashi daga abin da ke ƙona ta a hankali. Sai a wayi gari cikinta ya yi ja, bayan kwanaki ya yi bororo. Inda wuta ke zuwa da ƙarfi tana sauka, a haɗa da sitabilaiza.

Roba ta fi gilashi a wurare uku masu nauyi. Tana riƙe danshi da kwanon ruwa kaɗai. Bangonta mai hazo yana kwantar wa jaririya da hankali. Sannan ga wuta: faifai mai wat 10, ko ya kwana ya yini a kunne, wat-awa 240 zai ci, abin da ƙaramin batirin sola ke ɗauka. Fitila mai wat 75 da gilashi ke buƙata a ɗaki mai sanyi za ta ci har 1,800 a wannan tsawon lokaci. Ga wanda ba ya samun wuta tsayayya, wannan lissafin kaɗai ya isa ya raba gardama. Wankinta ma minti biyar ne.

Aibinta kuma ba ƙarami ba ne. Faifai daɓe yake ɗumamawa, ba ya ɗumama iska, don haka idan ɗakin ya sauka ƙasa da digiri 22, cikinta na kan ɗumi amma iskar da take shaƙa mai sanyi ce. Sanyi da cunkusasshiyar iska mai laima su ke buɗe ƙofar ciwon numfashi: za a ji tana fito in ta ja numfashi, a ga kumfa a bakinta, tana ɗaga kai tana buɗe baki. Wannan na likitan dabbobi ne, ba na jiƙo ba, kuma asibitocin koyarwa irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya su ne wurin fara tambaya. Murfin roba kuma yana lanƙwasa a tsakiya. Jaririya kan tura kai ta ɗaga shi, in kai ya wuce jiki ya wuce. A ƙara maƙalai biyu a dogayen gefen, ko a ɗaure da bel. A unguwar da ba wanda zai tsaya bambance mesa da kasa ko kububuwa, macijin da ya fita ba ya dawowa, kuma mai shi zai sha magana da maƙwabta.

Aibi na ƙarshe shi ne ƙunci. Masu cewa dabbar nan ba ta buƙatar komai sai rami sun faɗi rabin gaskiya. Binciken da aka yi a kudu maso gabashin Najeriya ya gano tsuntsaye da yawa a cikin abincin mazan, wato suna hawa bishiya da dare. Roba masauki ce ta shekarar farko. Barin babbar mesa ta ƙare rayuwarta a aljihun roba mai duhu sauƙin mai kiwo ne kawai.

Akwatin katako ko na PVC

Wannan shi ne mai rufaffen sama da gefe, da ƙofar gilashi a gaba. Yana riƙe ɗumi da danshi kusan kamar roba, ana kallo ta gaba, kuma hannu ta gefe yake shiga, ba ta sama ba. Ga babbar mesa babu kamarsa, kuma girman da ake so shi ne santimita 120 a tsawo, 60 a faɗi, 60 a tsaye. Na PVC, wato roba mai tauri irin ta bututun ruwa, ba ya ruɓewa, sai dai tsada da wahalar samu. Na katako kafinta zai haɗa, amma sai an shafe cikinsa da fenti mai hana ruwa shiga, an toshe kusurwoyi da silikon, an bar shi makonni har warin ya fita gaba ɗaya, in ba haka ba laima ta kumbura shi, gara ta ƙarasa. Faifan ɗumi ba ya ratsa katako mai kauri, don haka daga sama ake ɗumama shi, kuma dole a kewaye fitilar da raga don kada macijin ya naɗe ta. A duba tsakanin gilasan ƙofa masu zamewa: tazarar da ɗan yatsa ba zai shiga ba, jaririya za ta bi.

Ana iya sa jaririya a babban akwati tun farko, in an cika shi da maɓoya biyar ko shida da ganye. Wahalar ita ce sa ido. Gano kashinta, ganin ko ta ci ko ɓeran na ruɓewa a bayan reshe, duk sai an birkita gidan.

Inda kake zaune yana canza amsar

Yawancin shawarwarin da ke intanet daga ƙasashen sanyi aka rubuto su, inda damuwar ita ce ƙara zafi. A arewacin Najeriya da kudancin Nijar damuwa biyu ce, kowace da lokacinta. Daga Disamba zuwa Fabrairu bushewa ce da sanyin dare, wanda a Kano kan sauka ƙasa da digiri 15 a waje. Nan roba ta yi wa gilashi nisa. Idan wuta ta ɗauke da dare, a naɗe kwalbar ruwan zafi da tawul a jingina ta ta waje a gefen ɗumi, a rufa bargo a bar hujin iska, kuma a ɗage ciyarwa har wuta ta daidaita, domin abincin da ke cikin maciji mai sanyi ruɓewa yake yi ya amayar. Kaskon garwashi da hayaƙin janareta kada su kusanci ɗakin.

Daga Maris zuwa Mayu kuwa zafi ne ke kisa. Rana kan kai digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ba silin ya wuce 35, kuma awoyi a irin wannan zafi na iya lalata jijiyoyin mesa ko su kashe ta. A cire faifan ɗumi daga wuta, a sauke gidan kan daɓen siminti a ɗakin da ya fi sanyi, a jingina kwalbar ƙanƙara naɗe da tawul a gefe ɗaya ta waje, a sa babban kwanon ruwa. Fanka ba ta sanyaya maciji, tunda ba ya gumi. A wannan lokaci ne gilashi mai raga ke da ɗan rinjaye, domin jiƙaƙƙen tawul a kan ragar yana rage zafi yayin da yake bushewa. Amma kowane iri ne, kada hasken rana daga taga ya sauka a kansa.

Mazauna Kumasi ko Accra ko Legas, inda iska ke da laima kusan duk shekara, gilashi bai cika ba su wahala ba, robarsu ce ma ke buƙatar ƙarin huji don kada ta yi fumfuna. Haka arewa take a watan Agusta.

Abu biyu na gida da littattafan waje ba sa ambata: maganin sauro da tururuwa. Feshin sauro da na ƙwari da hayaƙin igiyar sauro guba ne ga maciji, kuma gilashi mai buɗaɗɗen sama ya fi saurin shaƙa. A fitar da gidan kafin a yi feshi. Tururuwa da kwarkwasa kuma suna bin warin ɓera su far wa jaririya, don haka a tsoma ƙafafun teburin cikin gwangwanayen ruwa. Wajen wanki, a guji maganin wanke bayi mai mayar da ruwa fari. Sabulu da ruwan zafi da ɗauraya mai kyau sun isa, sannan a wanke hannu, domin macizai na ɗauke da ƙwayar cutar salmonela.

Launinta da inda ta fito

Launukan da ake tsada a kansu daga dazukan Afirka ta Yamma aka kamo iyayensu na farko, aka hayayyafa a Amurka. Wani mai kiwo a can, Bob Clark, ya fara ƙyanƙyashe zabiya a 1992, wani kuma, Peter Kahl, ya fitar da mai fararen faci, wadda ake kira Piebald, a 1997. Wasu launukan suna da ruwa da tsaki a zaɓen gida. Zabiya mai jan ido ba ta jure haske mai ƙarfi, don haka gilashi da fitila mai haske a kai bai dace da ita ba. Wadda ake kira Spider, da Champagne da Woma, suna gadon larurar rawar kai: kai na karkarwa, wani lokaci ya juye sama, ta kai sara ta kuskure. Tsoro yana tsananta abin, kuma faɗowa daga reshe ya fi yawa gare su, don haka gida mara tsayi mai natsuwa suke so. Mai fara kiwo ya bar su. Pastel da Piebald da mai launin asali ba su da wannan matsala, sai dai a sani Pastel kan dusashe in ta girma, wadda ake kira Banana kuma ta yi baƙaƙen ɗigo.

Inda ta fito ya fi launin nauyi. Ghana da Togo da Benin su ne manyan masu fitar da wannan maciji, kuma cinikinsa tsakanin ƙasashe sai da takardar izini ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin dabbobin daji tsakanin ƙasashen duniya. Mafarauta kan tono mata masu ciki da ƙwai daga ramuka, a ƙyanƙyashe a gona, a sayar da jariran wani lokaci kafin su taɓa cin komai. Irin waɗannan, da waɗanda aka kamo daga daji, kan zo da kaska da tsutsar ciki da ƙananan baƙaƙen ƙwari masu shan jini da ke taruwa a gefen ido da ƙarƙashin haɓa. A tambayi mai sayarwa sau nawa ta ci, me ta ci, yaushe. Wadda ba ta ci sau uku zuwa biyar a jere ba, ba a saye.

Ko daga ina ta zo, kwana 60 zuwa 90 na farko a kan farar takarda ya kamata ta yi su, nesa da kowane maciji, domin a kan fari ake ganin ƙwaron da ya faɗo da yanayin kashi. A ɓawon kwakwa ba za a gani ba. Wannan ma roba yake nunawa. Garin katako daga wurin kafinta da yashi ba sa cikin lissafi: na farko ba a san itacensa ko maganin da aka zuba masa ba, na biyu yana bushewa yana shiga baki.

Mako guda bayan ta iso, ba ɗauka ba wasa, sai a gwada abinci da dare. Ɓera ɗaya mai nauyin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta, wanda kaurinsa bai wuce tsakiyar jikinta ba, duk kwana biyar zuwa bakwai. Idan na firiza ne, a narkar da shi sarai, a ɗumama shi cikin leda a ruwan ɗumi har ya kai ɗumin jikin mai rai, a miƙa da dogon hantsaki, domin da ramukan da ke leɓenta na sama take jin zafin abin farauta. Wanda ya narke saboda ɗaukewar wuta ba a mayar da shi firiza, ɓeran gida kuma ba a bayarwa saboda shinkafar ɓera. Mai rai ba a barinsa da ita fiye da minti goma sha biyar, kuma ana tsaye. Bayan ta ci a bar ta kwana biyu ba taɓawa. Idan ta amayar, a jira mako biyu, a koma ƙaramin ɓera.

Jaririyar da ke gilashi ta ƙi ci sau biyu ko uku, kafin a canza ɓera ko a yi tunanin ɗura, a mayar da ita ƙaramar roba mai maɓoya biyu, a ba ta mako guda. A riƙa ɗora ta a sikelin kicin duk mako ana rubutawa. Ramar da ta kai kashi 10 cikin ɗari ta likita ce. Idan kuwa tana ci ba fashi, ta kai giram 400 zuwa 500, tsawonta ya fara fin tsawon robar, lokacin sauya gida ya yi. A kwashe tsofaffin maɓoyanta a kai sabon akwatin ba tare da an wanke su ba, kuma kada a wanke robar a zuba mata kaya tukuna, sai an ga ta ci sau biyu a sabon wurin.